Hular Alhaji Bukar

Ku masu shago da madubi uku da fanka da janareto, na san abin da kuke faɗa idan na wuce da zabirata a kafaɗa. Kuna cewa ga tsohon nan mai kankare kai da wuƙa. Ɗayanku ma, wanda shagonsa ke daura da tasha, ya taɓa ce mini aski ai ba wani abu ba ne, kwana uku sun ishi mutum ya ƙware. Na ce masa da gaskiyarsa, in dai gashin kawai yake gani. Ni na haura shekara hamsin ina wannan aiki a Azare, kuma har gobe ban gama koyon kan ɗan Adam ba.

Sunana Sule, amma tsofaffi kaɗai ke tunawa da shi. Kowa Wanzam yake ce mini, kamar yadda aka ce wa mahaifina, aka ce wa kakana.

Aikin farko da Baba ya ba ni ba kai ba ne, ɗanyen duma ne. Ya tsinko shi daga dangar bayan gida, da ɗan gashin nan nasa mai laushi, ya miƙo mini tsohuwar aska ya ce in aske shi tas ba tare da na ji masa ciwo ba. Duma ba ya ƙarya. Ko ƙanƙanin kuskure ka yi sai wurin ya yi ruwa, zuwa yamma ya yi baƙi, Baba ya juya shi a hannu ya ce, "Wannan da kan mutum ne da yanzu muna gaban alƙali." Damina guda na yi ina ɓata duman mahaifiyata, tana ta faɗa wai ba za a bar mata ko na ludayi ba. Bayan duma sai wasa aska. Muna da dutsen da kakana ya ɗauko daga duwatsun Shira, tsakiyarsa ta lotsa saboda hannun mutum uku. Za ka ɗiga ruwa, ka kwantar da aska, ka ja ta a hankali har ka ji ƙararta ta sauya daga kaushi zuwa wani siririn sauti, sannan ka goga ta a fata. Ba ido ke gaya maka ta yi ba, kunne ne.

Sai da na shekara biyu ina riƙe ƙoƙon ruwa da sabulun salo kafin ya bar ni na taɓa kan mutum. Ran nan ya gaya mini dokoki biyu, kuma ban ji ya ƙara ta uku ba har ya bar duniya. Ta farko, babban yatsa ke gaba, aska na biye. Ba ka ɗora ƙarfe a wurin da yatsanka bai riga ya taka ba, don kowane kai da irin ƙasarsa. Akwai tabon faɗuwa daga jaki tun yarinta, akwai kwarin da ke ƙeya, akwai inda gashi ke juyawa ya bi hanyar da ya ga dama. Ta biyu, abin da ka gani a ƙarƙashin hula naka ne da mai hular. Mutum zai shiga kasuwa da babbar riga da rawani, ana durƙusa masa, amma a gabanka zai zauna ya tuɓe kansa ya sunkuyar, ya ba ka ƙeyarsa. Baba ya ce wanda aka ba wa ƙeya ba ya yawo da baki.

Yanzu da idona ya yi rauni, wani lokaci da hantsi ina zaune gindin tsamiyata sai in lumshe ido in riƙa bin kawunan mutanen da suka daɗe a kabari. Yatsana na tuna su ɗaya bayan ɗaya. In hau goshin wani liman, in gangara ta bayan kunnensa, in faɗa kan wani mahauci mai tabo uku, in fita ta ƙeyar wani direba. Sunayen wasu sun ɓace mini, amma hanyar ba ta ɓace ba. Cikinsu duka, kan da na fi sani shi ne na Alhaji Bukar mai kanwa.

Mutanen Borno ne, iyayensa suka zo Azare da fataucin kanwa suka zauna. Ranar da Baba ya fara tafiya da ni gidan ina ɗan shekara goma sha bakwai, na yi mamaki da ba a shimfiɗa mana tabarma a zaure ba. Aka wuce da mu har wani ɗaki na can ciki, aka tura ƙyaure. Haske ta 'yar taga ɗaya yake shigowa. Alhaji, a lokacin magidanci ne da bai wuce talatin da 'yan kai ba, ya cire doguwar hularsa zanna, ya cire wata 'yar farar hula da ke ƙarƙashinta, ya sunkuyar da kai. Ƙoƙon da ke hannuna ya kusa suɓucewa. Kan cike yake da ƙululu, masu santsi, ba gashi a kansu, wasu kamar aya, biyu sun kai goriba, sun taru a tsakar ka suna gangarowa wajen kunne. Baba bai ko ɗaga gira ba. Ya zaro ƙaramar aska, ya sa yatsa, ya shiga bin 'yan lungunan da ke tsakaninsu yana hira da Alhaji a kan farashin gero.

Muna cikin haka sai muryar wata tsohuwa ta fito daga bayan labule. Ya Falmata ce, mahaifiyar Alhaji.

"Wanzam, wannan ne magajin naka?"

"Shi ne, Ya Falmata."

"Bakinsa na rufuwa?"

"Ai ban kawo shi ba sai da na gwada murfin," in ji Baba.

A hanyar gida ya gaya mini sauran. Ita ma tana da shi ƙarƙashin ɗankwali, uwarta ma haka. Ta yi imani sammu ne aka yi wa kakarta tun a Borno a kan rigimar rijiya, ya bi zuriya. Kakana ya taɓa yanke ɗaya, jini ya kusa ƙin tsayawa, abin kuma ya dawo, don haka a gidanmu ba a yanka shi, ba a yi masa ƙaho, ba a maganarsa. Ya Falmata kuma ta karɓi alkawari daga Baba. Tana da 'ya'ya mata biyu, Fanna da aka kai Disina gidan wani Bafulatani, da Yagana da ta auri wani tela Bahaushe a cikin gari. Ta ce duk inda 'ya'yanta suka haihu, askarmu ce za ta bi jikokinta, don kada wani baƙon hannu ya gano abin da ke gidan. Bisa al'ada wanzamin gidan uba ke yi wa yaro askin suna, amma tsohuwar ta san yadda ta lallaba surukanta. Shi ya sa na yi shekaru ina taka keke zuwa Disina, rana na dukana, don in aske kan yaro ɗaya.

Haka muka yi ta tafiya. Baba ya rasu, Ya Falmata ta rasu, ni na ci gaba da shiga ɗakin nan duk bayan mako biyu. Ƙululun Alhaji suna ƙaruwa a hankali, ni kuma ina sake koyon hanya. Ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin kansa a buɗe ba. Alwala ma a ɗakinsa yake yi kafin ya fito masallaci.

Sai shekarar da ba na mantawa ta zo. A lokacin rediyo ta matsa da gargaɗi cewa aska na ɗaukar cuta daga jinin wani zuwa na wani. Wannan gaskiya ne, kada ku ji tsoho na ba da labari ku ɗauka ina musu. Ni kaina na sayi 'yar tukunya ina tafasa asake, wanda ya fi son sabuwar reza kuma in ɓare ta a gabansa. Amma tsoro ya riga ya shiga gari, kowa na kallon zabira a kaikaice. Ana cikin haka abin ya fito wa samari uku kusan a tare, wato Modu ɗan Alhaji, da Hamma ɗan Fanna na Disina, da Isa ɗan Yagana. Yatsana ya riga kowa sani, tun suna kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin fata. To samarin zamani ba sa zama da hula kamar iyayensu. Modu na buga ƙwallo, Isa na tuƙa acaɓa kai a buɗe, Hamma na shigowa kasuwa da shanu. Kowa ya gani.

A teburin mai shayi aka yanke mini hukunci. Wani ya lissafa da yatsu ya ce gida uku, uba uku, Babarbare da Bafulatani da Bahaushe, kuma duk ubannin lafiyarsu ƙalau, to me ya haɗa kawunan nan in ba askar Sule ba? Wani ya ce ai yaran 'yan uwan juna ne, kakarsu ɗaya. Aka yi masa ca, wai tun yaushe ɗa ke gadon kai ta wajen mace, kuma in a jinin gidan yake, ga Alhaji Bukar nan garau yana yawo. Mu nan in ana lissafin zuriya ta ƙofar uba ake shiga, ba wanda ya tsaya ya leƙa ta ɗaya ƙofar. Alkawarin da aka ɗauka don a rufa asiri shi ne ya zama shaida a kaina, tunda duk inda abin ya ɓulla, ga sawun kekena a wurin.

Tabarmata ta bushe. Ba a rana ɗaya ba, da kaɗan-kaɗan. Wanda ke zuwa duk Juma'a sai ya bi ta ɗaya layin, in mun haɗu ya gaishe ni da fara'a fiye da da. Wata safiya na tafi askin suna gidan da kakana ya aske kakansu, na tarar da wani yana tattara kayansa, jaririn na kuka da sabon kai. Maigidan ya fito yana ta sosa ƙeya, ya ce mata ne suka matsa. Na yi wa yaron addu'a na juya. Daga damina har wata daminar ta zagayo, aikina a gindin tsamiya shi ne kallon inuwa na tafiya daga yamma zuwa gabas, da wasa asaken da ba su dakushe ba.

Kalma ɗaya ce za ta wanke ni, kuma tana bakina kullum. Duk bayan mako biyu ina shiga ɗakin nan, ina bin lungunan kan Alhaji, ba mai cewa komai. Sau ɗaya ya ce, kansa a sunkuye, "Na ji abin da ake faɗa."

"Na'am, Alhaji."

"Allah ya kyauta."

Shi ke nan. Ba zan ɓoye muku ba, ran nan raina ya ɓaci ƙwarai. Amma na fahimce shi. Mutum ne da ya gina girmansa duka a ƙarƙashin hula ɗaya, ga 'yan uwa mata a gidajen mutane, ga jikoki masu jiran aure.

Wata rana da hantsi Modu ya tsaya gabana da keke napep, kansa ɗaure da bandeji. Ɗaya daga cikin nasa ya fashe ya yi ta jini watanni baya, ya je asibiti, ya dace da wata likitar fata da ke zuwa lokaci-lokaci. Ta yanki ɗan guntu ta duba, ta ɗebi jininsa ta aika wani wuri mai nisa, amsa ta dawo, yanzu kuma an cire masa wanda ke damunsa. Ya ce ya ba ta labarin askata, ita ce ta ce ya ɗauko ni. Na tafi da zabirata, a zatona kamawa za a yi.

'Yar siririya ce, ba ta kai sa'ar babbar 'yata ba. Ta ce in zauna, ta nemi ganin asaken. Ta juya askar Baba a hannu ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar mini.

"Baba, ba askarka ba ce. Wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga kan wani. Da shi ake haihuwar mutum, sai ya girma yake bayyana."

Na ce ta maimaita, ta maimaita. Sai ta jawo takarda ta shiga zane tana bayani, ni kuma zan faɗa muku yadda kunnena ya ɗauka. Ta ce fatar mutum da 'yan ɗakuna aka gina ta, ƙanana da ido ba ya gani. A kowane ɗaki akwai ma'aikata. Idan jiki na son ɗakin ya motsa, ya ƙaru, sai a rataya wa wasu ma'aikatan 'yar alama, a ƙara wata a kanta, a ƙara wata, su jeru kamar 'ya'yan carbi. Muddin alamar na rataye, kira na tafiya cewa a ci gaba. Akwai kuma wani ma'aikaci guda wanda aikinsa shi ne ya zo ya kwance alamomin nan idan lokaci ya yi, sai kiran ya tsaya, ɗakin ya natsu. Umarnin yin wannan mai kwancewa a rubuce yake cikin ƙwayar gado, kuma kowa na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Su Modu sun gaji ɗaya da tangarɗa. Ɗayan mai kyau shi ke riƙe da aikin shekara da shekaru. To in a wani ɗaki, can gindin gashi, shi ma ya samu matsala, babu sauran mai kwancewa. Alama ta yi ta taruwa, ɗakin ya yi ta jin ana ce masa ƙaru, har abin ya tashi ya zama ƙululu.

Na ce, "Likita, ta wajen uwa ma ana gado?"

"Ta ko'ina, Baba. Ƙwayar ba ruwanta da sunan gida. Mai ɗauke da ita, mace ko namiji, kowane ɗa nasa yana iya ɗauka, yana iya tsira."

Ta ce galibi ba mugun tsiro ba ne, amma yana son a riƙa dubawa, wanda ya dami mutum kuma a cire shi a asibiti, ba da aska irin tawa ba. Na ce wannan kakana ya riga ya koya mana. Ta yi dariya. Sannan ta tura Modu karɓo magani, ta gyara zama.

"Modu ya ce babu mai shi cikin manyan gidansu. Da wuya hakan ta kasance, ga 'yan uwansa biyu da shi. Kai ne ka san kawunan gidan. Wa da wa?"

Na kalli takardar. Ga wadda za ta gaskata ni a karo na farko cikin shekara guda, ga tambayar da na daɗe ina jiran a yi mini.

"Likita, wannan mutumin da ya fita kafin in shigo, in na tambaye ki abin da ke jikinsa za ki gaya mini?"

Ta girgiza kai tana murmushi. "Ashe mu biyu ne a sana'ar." Ta rubuta haruffan boko huɗu a ƙasan zanen, ta karanta mini su ɗaya-ɗaya, C, Y, L, D, ta ce sunan ƙwayar ke nan. Ta ce in kai wa duk wanda na san ya kamata ya gani, ƙofarta a buɗe take. Ita za ta gaya wa duk mai tambaya cewa ba aska ba ce, amma ta san masu teburin shayi ba layin asibiti suke bi ba.

A ƙafa na koma. Na ratsa kasuwa kamar wanda bai taɓa shigarta ba. Ina kallon mai tattasai, ina kallon 'yan dako, ina kallon wata Bafulatana da ƙwaryar nono, ina tunanin cewa a cikin kowannensu akwai waɗannan 'yan ma'aikata, ba adadi, suna ta kwance alama shiru-shiru, ba wanda ya san da su balle ya gode musu. Mutum na ciniki, yana rantsuwa, yana fushi, su suna can suna aikinsu. Sai ranar da ɗaya ya gaza ake sanin yana nan. Na ji wani irin sanyi a raina da ban ji ba tun farkon shekarar, har na tsaya na sayi rake ina sha a tsaye kamar yaro.

Ranar askin Alhaji na bari sai da na jiƙa kan na fara, sannan na ba shi labarin tun daga farko, ina yi ina bin hanya. Bai motsa ba har na kai bayan kunnen hagu.

"Ba sammu ba ne ke nan?"

"Ta ce babu hannun kowa, Alhaji. Halitta ce."

"Modu daga wurina ya ɗauka."

"Kai ma daga wurin Ya Falmata, ita ma daga wani wurin. Ba wanda ya zaɓa."

Ina jin numfashinsa a gwiwata.

"Ka gaya mata nawa?"

"Ban gaya ba."

"Ko ita?"

"Ko ita."

Da na gama na ajiye masa takardar a kan tabarma. Na kuma gaya masa abin da na yanke, cewa da kaka zan rataye zabira in koma gonar ƙanena a Dambam, don gindin tsamiya ba ya ciyar da gida da inuwa kaɗai. Na ce amma kada ya damu, kansa zan riƙa zuwa masa duk bayan mako biyu ko daga ina nake. Ya mayar da 'yar farar hular, ya ɗora zannar, ya ce in gaida gida.

Kwana goma sha biyu bayan nan, ranar kasuwa ce, hantsi ya ɗaga, layin ya cika har masu acaɓa na ta hon ba sa samun hanya. Ina zaune ina goga aska a fata sai na hango shi yana tahowa da sandarsa, mutane na ba shi hanya suna gaisuwa. Na ɗauka wucewa zai yi rumfarsa ta kanwa. Sai ya tsaya, ya cire takalmi, ya zauna a kan tabarmata. Tabarmar da ta shekara ba wanda ya hau. Mai shayi ya tsaya da buta a sama.

Na sunkuya na ce a hankali, "Alhaji, ai sai jibi, kuma a gida."

"Jiya na dawo daga Disina," in ji shi. "Na ga Fanna, na biyo ta wurin Yagana. Sun ce in yi."

Ya sa hannu biyu ya cire zannar, ya ajiye. Ya cire 'yar farar, ya ɗora a kai. Rana ta sauka a kan da ban taɓa gani ba sai a hasken 'yar taga. Wata mata ta yi salati. Wani ya kau da fuska. Ban san daga ina Modu ya ɓullo ba, na dai gan shi tsaye cikin mutane, hannunsa a kan nasa bandejin, yana kallon mahaifinsa.

Alhaji bai ɗaga murya ba, amma wurin ya yi tsit har ana jin kukan kurciya a saman tsamiya.

"Jama'a, ku duba da kyau. Wannan na mahaifiyata ne, ita ma na tata mahaifiyar. Tun daga Borno muka taho da shi, kafin a ƙera askar nan. Wanzam ya sani, ubansa ya sani, kakansa ya sani. Kun hana shi abinci shekara guda, ni kuma na zuba ido. Ni ne mai laifi." Ya sunkuyar da kai ya ba ni ƙeya. "Bisimilla, Wanzam. Ka san hanya."

Na zaro ƙaramar aska. Na tsaya, na jiƙa yatsa a ƙoƙo, na ɗora a tsakar kan, sai hannun ya tuna da kansa. Na bi lungun farko, na gangara ta tsakanin manyan biyun, na zagaya bayan kunne. Ban ɗaga ido ba ko sau ɗaya, amma ina jin mutane na matsowa, inuwarsu na rufe tabarmar. Ban taɓa yin aski mai kyawun wannan ba, kuma ko ɗigon jini babu.

Kada ku ɗauka washegari layi aka yi. Mutum ba ya son komawa wurin wanda ya zalunta, kunya ke hana shi. Sun dawo dai da ɗaya-ɗaya, wasu da tabon hannun wasu a kai, wasu kuma ba su dawo ba har yau, suna shagunanku. Ban je Dambam ba. Fanna da Yagana sun ga likitar, Hamma da Isa ma haka. Takardar kuwa Alhaji ya mayar mini, tana nan cikin zabira kusa da dutsen Shira, ta yi laushi don ninki, kuma waɗannan haruffa huɗu su ne iyakar bokona.

Amma ba wannan nake gani ba idan na lumshe ido. Abin da nake gani shi ne bayan na gama na goge masa kan da tsumma, ya miƙe, ya sa takalmi, ya ɗauki sanda, ya kama hanyar rumfarsa ta tsakiyar kasuwa. Sai da ya yi taku kamar goma na lura da abin da ya bari a kan tabarma. Na ɗauka da sauri na bi shi.

"Alhaji, hularka."

Ya juyo. Wata 'yar iska ta taso daga wajen 'yan hatsi, na ga ya lumshe ido ya ɗan ɗaga fuska.

"Riƙe mini ita tukuna, Sule," in ji shi. "Shekara hamsin rabon kan nan da ya sha iska."